Tantabarun Kafinta da Huhun Matarsa

Kafinta ya zalunci matarsa, kuma bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa zaginta ba. Da tantabara ya zalunce ta. Mutum ya haura hamsin, furfura ta cika masa gemu, jikoki na hawa wuyansa, amma ya ɗauki numfashin uwar 'ya'yansa ya ɗora a sikeli, ya ɗora tsuntsaye a ɗaya gefen, ya tsaya yana jiran ya ga wanda zai rinjaya. Irin wannan laifi ba ya zuwa gaban alƙali. Kuma shi ne wanda mu maza muka fi ƙwarewa a kai, mu cuci mutum a hankali muna ce masa sannu.

A bayan gidansa, tsakanin igiyar shanya da tagar ɗakin kwana, ya gina wa tantabarunsa ɗaki. Katakon da yake hana masu ba shi aiki, wai ya ƙare a kasuwa, shi ya zuba a wurin. Hawa-hawa ne ɗakin, kowace tantabara da mijinta da gurbinsu, kowane gurbi da 'yar ƙofarsa da sandar sauka. Ƙofar kicin kuwa ta daɗe da ɓallewa, tana jingine da bango tana jiran ranar da maigida zai samu sukuni. Da safe yakan watsa musu hatsi, ya tsaya ya ƙare musu kallo, ya wuce shago. Sharar kashinsu da gashin da suke zubarwa aikin matarsa ne. Ba wanda ya taɓa cewa nata ne, ita dai ce mai tsintsiya.

Ba wai bai san kansa ba ne. A shagon abokinsa Mai Aski, inda yake zama da la'asar, shi yake fara yi wa kansa tsiya tun kafin a yi masa.

"Ni fa in gobara ta tashi a gidana, Allah ya kiyaye, tantabaru zan fara buɗe wa," yakan ce. "Uwar yara ai tana da ƙafa."

A yi dariya, shi ma ya yi. Mutumin da ya iya yi wa aibinsa dariya yakan ɗauka ya fanshi aibin ke nan, sai ya ci gaba da abinsa hankali kwance.

Tari ya fara wa matar kamar wasa, busasshe, ba majina. Aka sha na kemis, kwalba bayan kwalba. Daga nan sai haki. Matar da take ɗauko bokitin ruwa tana waƙa ta koma in ta ratsa tsakar gida sai ta dafa bango. Autarsu, wadda take aure a can wata unguwa kuma Allah ya hore mata baki, ita ta zo ta tasa su gaba zuwa babban asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce ba tarin tibi ba ne, ba asma ba ce. Likitan ya ɗaga hoton ƙirjin sama, ya juya shi, ya ajiye.

"Sai ku nemi likitan huhu," ya ce.

"Likitan me?" in ji Kafinta.

"Huhu."

"To kai likitan me ne?"

"Ni na kowa da kowa ne, Baba. Wannan ya wuce ni."

Kafinta ya fito yana girgiza kai. Ashe an raba ɗan Adam gunduwa-gunduwa kamar a teburin mahauci, wannan ya riƙe zuciya, wannan ya riƙe ƙoda, shi kuwa yana nan yana zaton likita ɗaya ne kamar kafinta, in ya iya ƙofa ya iya taga.

Neman ma sai da ya zama aiki. Likitan huhun babban asibitin, aka ce layinsa ya yi tsawon da mai tari zai warke ko ya mutu kafin a kira shi. Mai kemis ya kwatanta wani wuri, suka je suka tarar an mayar da shi shagon labule. Wani maƙwabci ya rantse da ƙwarewar wani likita, suka je, ashe na kunne da maƙogwaro ne. Mutumin ya leƙa bakin matar, ya ce iyakar gonarsa ke nan, abin da yake ƙasa da nan na wani ne. A ƙarshe Auta ce ta lalubo wani ƙaramin asibiti a wayarta, ta buga, aka ba su rana.

A saman bene yake, kan wani shagon taya. Kafinta ya ce wanda ya ɗora asibitin masu haki a saman bene ko dai mugu ne ko kuwa gwajin ya fara tun daga matakala. Bai ƙarasa dariyar ba, don da ya waiwaya ya ga matarsa ta tsaya a tsakiyar matakalar, ta rungume ƙarfen dafawa, bakinta a buɗe kamar kifin da aka jefo tudu. Ya kawar da kai.

A ɗakin jira akwai bencina masu shuɗin fenti. Ya zauna, ya ji bencin ya yi ɗan rangaji, ya sunkuya ya duba ƙafar. Ƙusa kawai aka buga a karkace, ba a huda an zura ba, aka shafe da fenti.

"Wanda ya yi wannan ba ya tsoron Allah," ya ce wa Auta.

"Baba, don Allah ka zauna. Ba benci muka kawo ba."

Likitar mace ce mai tabarau, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ta saurari bayan matar ta daɗe, ta sa ta hura wani bututu har idonta ya kawo ruwa, ta duba hoton. Sannan ta fara tambaya.

"Mama, akwai mai shan taba a gidan?"

"Babu, 'yar nan."

"Da itace kike girki?"

"Da gas."

"Tsuntsaye fa? Kaji, aku, tantabara?"

Nan fa aka sosa wa Kafinta inda yake masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama. Ya ce ai in zancen tantabara ne ta zo gida. Ya fara lissafo su, masu wutsiya kamar mafici, masu alkafura a sama, farare ƙal waɗanda ko a hoto ba ta taɓa gani ba. Har ya zaro waya zai nuna mata. Sai da ya lura ta ajiye biro ta zuba masa ido ya sassauta.

"Wa yake share wurinsu?" ta ce.

Ya dubi matarsa, matarsa ta dubi ƙasa.

"Mama ce," in ji Auta. "Kullum."

Likitar ta juya wajen matar, ta yi mata bayani dalla-dalla. Akwai wani gari mai laushi a jikin gashin tsuntsu da busasshen kashinsa. Wani ya shaƙe shi shekara da shekaru ba abin da zai same shi. Wani kuwa huhunsa ya ɗauke shi abokin gaba, ya yi ta kumburi. In aka raba ta da su da wuri, ana kyautata zaton za ta samu sauƙi. In aka bari huhun ya yi tabo, tabo ba ya gogewa.

"Wato a ɗan rage su," in ji Kafinta.

"A kawar da su, Baba. Duka, har ɗakin nasu. A wanke wurin."

A tasi, da aka kusa gida, Auta ta ce, "Baba, yaushe?"

"Ke ma dai. Rai ne da su fa, ba buhunan siminti ba ne. Bari in samu mai riƙo na kirki."

Ta yarda, don ba ta taɓa kama ubanta da ƙarya ba. Ba ta san cewa dalilin shi ne ba a taɓa taɓa masa tantabara ba.

Da la'asar ya kai ƙara shagon aski. Ya ce wata yarinya da ba ta gama cire rigar makaranta ba ta yanke wa tantabarunsa hukunci ba tare da ta gan su ba. Ya ce laifinsa ne, shi ya kai kansa da bakinsa. Da ya yi shiru da ba ta da abin kamawa.

Mai Aski yana wasa reza a tafin hannu ya ce, "Kai ma da abin haushi kake. Likita ai kamar mai aski ne. In wannan ya ɓata maka ƙeya sai ka canja shago. Akwai wani dattijo can bayan gada, shi ya duba surukina. Na huhu ne shi ma. Ya fara aiki tun wannan taka ba ta iya ɗaura zane ba."

"Ba su san juna ba dai ko?"

"Ina za su san juna? Tsakaninsu sai ka hau mota biyu. Kuma ka taɓa ganin masu sana'a ɗaya suna shiri? Ni da wancan na kan kwana ko gaisawa ba ma yi."

Wannan hujja ta shiga Kafinta sosai, don shi ma bai taɓa yabon aikin wani kafinta ba. A hanyar gida ya gina dabararsa, ya goge ta, ya shafa mata fenti. Ba ƙarya zai yi ba, jarrabawa zai yi. In da gaske tantabara ce, ai likitan ƙwarai zai gan ta a cikin ƙirjin ba sai an faɗa masa ba. In bai gani ba, to yarinyar nan maganar bakinsa ta tsinta ta mayar masa. Wani sashe na zuciyarsa ya ce, kai dai tsohon banza ne, ka san abin da kake yi. Ya ce, na sani, amma dabarar ta yi kyau.

Ya shirya matarsa tun a gida.

"In ya tambayi tsuntsaye, ki bar ni da shi."

"Maigida, ƙarya za mu yi wa likita?"

"Wa ya ce ƙarya? Shiru za ki yi. Shiru ƙarya ne?"

Ta dube shi. Sannan ta ce, "To."

Asibitin dattijon gida ne na ƙasa, da bishiya a ƙofa da tsohon allo mai wani suna dabam. Hankalin Kafinta ya kwanta. Da suka shiga ɗakin jira sai ga bencina masu shuɗin fenti. Ya zauna, bencin ya yi rangaji. Ya sunkuya, ga ƙusar nan a karkace.

"Ikon Allah," ya ce. "Macucin nan har nan ya samu kasuwa. Mu masu aikin gaskiya muna zaune."

Iyakar abin da ya fahimta ke nan.

Dattijon likitan mai sanƙo ne, mai magana a hankali, mai barkwanci. Ya kira matar ƙanwata, ya kira Kafinta angon ƙanwata. Ya saurari ƙirji, ya sa aka hura bututu, ya aika aka ɗauki sabon hoto a maƙwabta. Kafinta ya ce ba su taɓa ganin likitan huhu ba sai yau. Sai tambayoyi suka biyo baya, su dai ɗin nan, kamar a makaranta ɗaya aka koya musu, abin da bai zo wa Kafinta a rai ba sai daga baya. Taba, babu. Itace, babu.

"Tsuntsaye fa? Kaji, tantabara, ko aku?"

"Ranka ya daɗe, mu ko ƙwai saye muke," in ji Kafinta.

Yana rufe baki ya hango wani ɗan farin gashi maƙale a gwiwar wandonsa, ƙarami, mai laushi, yana motsi da iskar fanka. Ya ɗora tafin hannu a kai. Haka ya zauna har aka gama, hannu a gwiwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

"Maƙwabta fa? Ba mai kiwo kusa da ku?"

"Unguwarmu ko kurciya ba ta sauka."

Dattijon ya dubi matar. Tana kallon yatsunta. Ya koma ga hoton, ya daɗe yana shafa sanƙonsa.

"Abin ya ɗaure mini kai," ya ce. "Da kun ce akwai tsuntsu, da na ce ga ɓarawona. Tun da babu, akwai wasu cututtukan da suke kama da wannan, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai yiwuwa sai an shiga an ɗebo ɗan yanki daga huhun an duba. Ba na son yi wa mai haki haka, amma ba na son in yi ta harbi a duhu."

A nan ne ya kamata Kafinta ya ɗaga hannunsa daga gwiwa. Ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro. Ya hango ɗakin nan mai hawa-hawa, ya hango wata farar tantabara da take sauka a kafaɗarsa. Ya haɗiye.

"Kafin nan," in ji dattijon, "zan kai maganar zaman da muke yi da abokan aikina, mu haɗa kai a kanta. Ku dawo mako mai zuwa."

Kafinta ya fito yana jin kansa. A ransa ya ga wani babban zaure cike da furfura da sanƙo, manyan likitoci sun kewaye hoton ƙirjin matarsa, ba mai ambaton tantabara. Ya ce wa matar, "Kin ji manya. Waccan yarinya ko shawara ba ta nema ba."

Matar ta dafa bishiyar da take ƙofa. Numfashin da za ta yi maganar da shi take tattali.

A cikin makon ya yi abin da mai laifi yake yi, ya yi komai ban da abin da aka ce. Ya karɓi tsintsiya ya share wurin da kansa, sau ɗaya, ƙurar ta tashi ta shige ta taga. Ya rataya buhu a tagar. Ya ajiye wa tantabarun kwanon ruwa babba don su riƙa wanka, wai ko garin zai ragu. Suka yi wankan, suka hau igiyar shanya suka karkaɗe jikinsu a kan zannuwan gado.

Wata rana da hantsi ya dawo ɗaukar zarto, ya tarar da ita zaune a kan kifaffen bokiti, wanki a gabanta rabi a shanye rabi a ƙasa. Kafaɗunta na hawa suna sauka.

"Maigida," ta ce, ta huta. "Yankan nan da ya ce. Farka ni za su yi?"

"Haba, wane farkawa? Ɗan tsinke ne kawai. Kafin ki ce wayyo an gama."

"Ka tambaya?"

"Ai sananne ne."

Bai san komai a kai ba. Ya ɗauki zarton ya zagaya baya, ya tsaya gaban ɗakin tantabarun. Suka taso suna guɗa masa, suna zagaya ƙafarsa. Ya ce musu, "Kun ga ubanku? Gemu har ƙirji, hankali ko na ɗayanku bai kai ba." Ya watsa musu hatsi. Ya ji daɗin yadda ya faɗa wa kansa gaskiya, ya koma shago.

Ranar komawa matar ba ta iya tafiya ba sai da madafa, dole aka kira Auta. A tasi ta fara bincike.

"Wane likita ne kuma wannan? Me ya samu ta farko?"

"Babba ne. Ƙarin haske muke nema."

"Ka faɗa masa zancen tantabaru?"

"Ba abin da bai sani ba."

"Kuma har yanzu suna nan, na ji kukansu."

"Mai riƙon ne ya yi tafiya."

A teburin karɓar baƙi wata ma'aikaciya ta amshi katin, ta duba, ta ce su zauna, likita za ta kira su yanzu.

"Za ta?" in ji Kafinta. "'Yata, mu wurin dattijon nan muka zo. Mai sanƙo."

"Yau ba ranarsa ba ce a nan, Baba. Yana reshenmu na saman bene."

"Wane saman bene?"

"Na kan shagon taya. Ai mu ɗaya ne da su, da wani kuma can kusa da tasha. Likitocin haɗaka suka yi, suna zagayawa. Yau wannan yana nan, gobe yana can. Maras lafiyan ɗayansu na dukansu ne."

"Amma sunan da yake allo dabam ne."

"Nasa ne na tun da can. Da ya shigo cikinsu sai aka bar masa, saboda mutane sun saba."

Kafinta ya juya a hankali ya dubi bencina masu shuɗin fenti. Kafinta guda, ƙusa guda, fenti guda. Shekara nawa yana sana'a, ya gane hannun wanda ya yi benci, ya kasa gane cewa mai sayen benci ɗaya ne.

"To ai ba komai," ya ce. "Sai mu dawo ranar da yake nan. Ba a canja doki a tsakiyar ruwa."

"Shi ya ce a haɗa ku da ita. Tun a zamansu suka tsayar."

Ƙofa ta buɗe. Mai tabarau ta leƙo.

"Sannu da zuwa, Mama. Baba, ya tantabaru?"

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya shiga a bayan mata biyun, ya nemi kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Likitar ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi masa sauƙi. Ta ce a zamansu na mako kowa yakan kawo abin da ya shige masa duhu. Babbansu, dattijon nan, ya ɗora hoto, ya ce ga wata baiwar Allah, komai nata na nuna tsuntsu, amma mijinta ya ce ko kurciya ba ta sauka a unguwarsu, shi ya sa yake tunanin a ɗebo yanki.

"Na duba na ga na san ƙirjin nan. Sunanta ɗaya, hotonta ɗaya, mijin ne kawai ya zama biyu. Nawa yana da masu alkafura a sama, nasa ko ƙwai saye yake."

Auta ta juyo gaba ɗaya. "Baba?"

Kafinta ya buɗe baki. Barkwancin da ya saba fita da shi daga kowane rami ya zo, wai ai gwada su yake ya ga ko sun iya aiki, kuma ga shi sun ci. Ya faɗa. Ba wanda ya yi dariya. Maganar ta faɗi a tsakiyar ɗakin ta zauna, shi ma ya ji ƙyamarta.

"Neman ra'ayin likita na biyu ba laifi ba ne," in ji likitar. "Haƙƙinku ne. Da ka faɗa mini, da ni zan tura ka wurinsa. Amma da a ce ba tare muke ba, da yanzu ana shirin sa wa Mama maganin barci a huda mata haƙarƙari, a kan abin da amsarsa take bakinka." Ta juya. "Mama, hurawar da kika yi wancan makon ta fi ta farko rauni. Ke zan tambaya, don ƙirjinki ne. Kina da inda za ki zauna da ba tsuntsu?"

"Tana da shi," in ji Auta.

Matar ta ɗaga hannu, Auta ta yi shiru. Ta ja numfashi, ta juyo wajen mijinta. Da ƙyar maganar take fita, gutsure-gutsure, kuma ba wanda ya katse ta.

"Maigida, da ka ce in yi shiru, na yi. Na ce bari in gani. Na ce in dattijon nan ya ambaci wuƙa, mutumin nan zai yi magana. Ina kallon hannunka a gwiwa. Na ga abin da ka rufe." Ta huta. "Ka tambaye ni ko shiru ƙarya ne. Ni ma na yi, na kuma ji a jikina. Gidan Auta za ni. Ranar da ta zo ta duba, ba ta ga tsuntsu ba, ba ta ga gashi ko ɗaya ba, ka zo ka ɗauke ni."

"Uwar yara, ai yau ɗin nan..."

"Ban ce yau ba. Na ce ranar."

Likitar ta rubuta magani, ta ce zaman gidan Auta shi ne rabin maganin. Ta ce wa Kafinta in zai rushe ɗakin ya jiƙa wurin da ruwa tukuna, ya rufe hanci. A bakin titi Auta ta tsayar da tasi, ta shigar da uwarta, ta rufe ƙofa. Ba ta zage shi ba, tarbiyyar uwarta ce. Ta dai ce, "Baba, motar ta cika," alhali kujerar gaba ba kowa.

A ranar ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a kwanduna. Wani mai kiwo daga wani gari ya zo ya kwashe. Kafinta ya ɗauki guduma ya ɓalle ɗakin da hannunsa. Aikin ƙwarai ne, ba ƙusa a karkace, don haka ya sha wuya kafin ya rabu. Ya wanke bango, ya wanke ƙasa, ya ƙone buhun taga. Ya je shagon aski, Mai Aski ya fara cewa ai shi bai san likitocin zamani sun koma cin tuwo a kwano ɗaya ba, Kafinta ya ce ya rufe masa baki. Sannan ya aika wa Auta cewa ta zo ta duba.

Ta zo da yamma. Tana tsaye a tsakar gida tana duba lungu-lungu sai suka ji fuka-fukai. Farar nan ce ta fara sauka a kan kwanon rufi, daidai saman inda ɗakin yake a da. Sai wata, sai wasu. Mai kiwon ya sake su su sha iska, su kuwa gida ɗaya suka sani. Suka jeru a bakin rufin suna leƙen mai hatsi.

Auta ta ɗaga kai ta dube su, ta saɓa jakarta.

"Sai wani zuwan, Baba."

Ya mayar da su, suka dawo. Ya kai su nesa, waɗanda suka iya hanya suka dawo. Yanka su kuwa ya ɗauko wuƙa ya kasa. A gidan Auta tari ya lafa, matar ta fara ƙiba, har tana goya jika.

Hukuncinsa ke nan. Matarsa tana gidan 'yarta, ba ta dawo ba. Shi kuwa kullum da safe da yamma yana tsakar gida da doguwar gora, yana korar tantabarun da ya fifita a kanta, su tashi su zagaya su sake sauka.